Inda Na Kai Da Tsofaffin Kendama Na Japan

'Yan'uwa masu koyon kendama, abin wasan katako na Japan mai sanda da ƙwallo da aka haɗa da zare, ina yi muku fatan alheri. Ga bayanin inda na kai a wannan zango, kuma yawancinsa a kan abu guda ne: tsohon kendama mai santsin fenti ya fi na zamani wuyar sha'ani, amma shi ne ya gyara mini tsayuwa da aikin gwiwa. Saboda haka nawa ba na kallo ba ne a cikin kabad, da su nake atisaye.

Wanda ya fi tsufa a hannuna irin na ado ne, wanda ake sayar wa masu yawon buɗe ido. An yi masa zobba masu launi a jikin sandar, ƙoƙunansa ba su da zurfi, kuma an ɗaure zarensa da wani ɗan ƙarfe daga waje. Duk da haka siffarsa ita ce wadda muka sani, wato ƙoƙo babba da ƙarami a gefe biyu, na uku a gindin sanda, sai tsini a sama. Wannan siffa ta samo asali ne daga wani mutumin birnin Kure a lardin Hiroshima mai suna Hamaji Egusa, wanda ya yi mata rajista a 1919, sannan masu sassaƙa na garin Hatsukaichi suka fara ƙera ta a 1921. A Hatsukaichi ne kuma aka fara gasar kendama ta duniya a 2014. Na ajiye shi don ƙoƙo babba da na gindi kawai, domin ramin ƙwallonsa ya yi ƙunci, kuma ba na son in illata tsinin da babu inda zan samo madadinsa.

Waɗanda nake atisaye da su kullum su ne masu hatimin Ƙungiyar Kendama ta Japan, wadda Issei Fujiwara ya kafa a 1975 domin a daidaita girman abin wasan da ƙa'idojin jarrabawa. Ina da samfurin da ake kira TK16 guda, da kuma samfurin Ozora na kamfanin Yamagata Koubou da ke garin Nagai. Dukansu tsayin sandar ya kai kimanin santimita 18, faɗin ƙwallon kuma santimita 6. Idan aka ajiye su kusa da na zamani, irin waɗanda kamfanonin Amurka da Turai suke fitarwa, bambancin a fili yake: na zamani sun fi faɗin ƙoƙo, kuma fentin ƙwallonsu yana da danƙo, yana riƙe katako. Fentin TK16 kuwa sulɓi ne da shi da sheƙi, ba ya rufa wa kowa asiri.

A nan ne maganar todai ta shigo, wadda ita ce ta cinye mini yawancin lokaci. Ga wanda bai kai wurin ba tukuna, ana riƙe ƙwallon ne a hannu, sandar tana reto a ƙasa, sai a ɗago ta a miƙe ta sauka da ƙoƙon gindi a kan ƙwallon, ta tsaya cik na kimanin daƙiƙa uku. A kan ƙwallo mai danƙo, ko sandar ta sauka a ɗan karkace, fentin yakan riƙe ta har mutum ya gyara hannu. A kan tsohon fenti babu wannan rangwame, da ta karkace sai ta zame. Abin da na lura da shi shi ne, gyaran ba ya farawa daga lokacin saukar, yana farawa ne tun kafin a ɗago. Dole sandar ta daina juyi gaba ɗaya, zaren ya miƙe, sannan a durƙusa a miƙe da gwiwa, hannu yana biye da jiki ba tare da fizga ba. Idan sandar ta kai ƙarshen tashinta, akwai ɗan lokacin da take kamar ta tsaya a iska, a nan ake shigar da ƙwallon ƙarƙashinta, a sake sassauta gwiwa a bi ta ƙasa kamar mai karɓar ɗanyen ƙwai. Idona a da yana kan tsini, yanzu na mayar da shi kan gindin sandar, kuma tun daga nan saukar ta fara daidaita. Har yanzu ba kullum take tsayawa ba, amma idan ta zame ina gane dalilin, kuma a wurina wannan ci gaba ne na gaske.

Amfanin wannan ya bayyana a sauran dabarun. Tomeken, wato ɗago ƙwallo a miƙe ya faɗa kan tsini, ya zauna sosai. Furiken, wato lilo da ƙwallo gaba ya juyo ya faɗa kan tsini, shi ma ya gyaru, domin na fahimci cewa juyin ƙwallon yana zuwa ne daga ɗan jan zare a daidai lokacin da ya wuce ƙasa, ba daga ƙarfin wurgi ba. Nihon isshu, wato bi da ƙwallo ta ƙaramin ƙoƙo da babba zuwa tsini, yana fita, sekai isshu kuwa, wanda ake ƙara ƙoƙon gindi kafin tsini, yakan ɓaci a wajen tashi daga ƙoƙon gindi zuwa tsini, saboda ramin ƙwallon yana kauce wa fuskata.

Game da kula da su, mu da muke zaune inda hunturu yake busar da komai muna da aikin da ya kamata mu lura da shi. Sandar da gungumen ƙoƙunan ba a manne suke da gam ba, matsewa ce kawai take riƙe su, kuma idan iska ta bushe katako yakan tsuke har gungumen ya fara motsi. Ina danna shi ne da hannu ya koma mazauninsa, ba na sa gam, domin ta nan ake cire shi idan za a sauya zare. Ba na barinsu a rana ko cikin mota, kuma ina atisaye a kan tabarma ko darduma, saboda siminti yana fasa bakin ƙoƙo. Zare kuwa ina sauya shi da zarar ya fara gashi, in bar tsawonsa kusan santimita 40. Shawarata ga mai tarawa ita ce kada ya sake fentin tsohon ƙwallo, kada kuma ya kankare hatimin, domin tabon da tsini ya bari kewaye da rami shaidar amfani ce, kuma yakan rage santsin da kansa a hankali.

Abin da ke gabana yanzu shi ne moshikame, wato kai ƙwallo da dawo da shi tsakanin ƙoƙo babba da na gindi ba tsayawa. A jarrabawar ƙungiyar, matakin kyu na ɗaya, wato mafi girma a matakan masu koyo, yana buƙatar todai tare da moshikame sau 50, kuma ƙananan ƙoƙunan TK16 suna sa mutum ya rage tsayin jifa ƙwarai. Da shi zan yi atisayen, in bar Ozora don sekai isshu.