Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Aikin narkakken gishiri

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a inda aka ba ni tebur a ɗakin gwajin sinadarai. Yau aikin kansa zan buɗe muku, don wanda bai san abin da ake haɗawa a teburin nan ba zai sha wahalar bin sauran labarin.

Gishirin miya sai zafi ya kai digiri 801 na Salshiyas kafin ya narke. Namu kuwa a narke yake zaune cikin kwalba, ko wuta bai gani ba. Tun 1914 masanin sinadarai Paul Walden ya haɗa irinsa, mai narkewa a digiri 12, amma aka bar shi a takarda. A 1982 John Wilkes da abokan aikinsa, a kwalejin sojan sama ta Amurka da ke Kolorado, suka fito da wani mai aluminiyam kulorayid a ciki, don batir suke nema. Aibinsa ɗaya: da laima ta taɓa shi sai ya lalace, ya tashi da hayaƙin asid. Dole a yi aikinsa cikin rufaffen akwati mai safar hannu, cike da iskar agon, busasshiyar iska marar laima. Sai a 1992 Wilkes da Michael Zaworotko suka maye gurbin aluminiyam ɗin da wasu sinadarai irin su BF4 da PF6, aka samu wanda za a zuba a fili bai lalace ba.

To, a nan sababbin ɗalibai ke ruɗuwa. Rashin lalacewa daban, rashin shan ruwa daban. Ka bar kwalba a buɗe na awa ɗaya da damina, gishirin zai ja laima daga iska, kaurinsa ya ragu, awon lantarkin da ka yi jiya ya ƙi dacewa da na yau. Masu BF4 da PF6 ma sun fi haɗari: idan ruwa ya daɗe a cikinsu ga kuma zafi, a hankali sukan saki asid ɗin HF, mai cin gilashi, mai ratsa fata har ƙashi. In ka ga cikin kwalba ya yi hazo-hazo, kada ka taɓa da hannu tsirara. Ni dai na fi amincewa da mai NTf2 (wani sinadarin da ake sawa a madadin BF4), wanda masu bincike a Lozan ta Suwizalan suka bayyana a 1996. Yana da tsada, amma ruwa ba ya rusa shi.

Ga yadda ake haɗa shi. A tace sinadarin metilimidazol ta hanyar turarawa tukuna (a dafa shi ya zama tururi, a tara tururin ya koma ruwa), in ba haka ba kayan zai fito rawaya. A haɗa shi da kulorobutan, a ɗan rinjayar da na biyun, a dafa a digiri 70 ƙarƙashin iskar naitirojin kwana 2 zuwa 3. Mai gaggawa da ya ƙara wuta, baƙi-baƙi zai kwashe. A wanke da etil asitet sau 3, a narkar a ruwa, a zuba gishirin litiyam na NTf2. Nan take zai rabu biyu, namu ya kwanta a ƙasa saboda ya fi ruwa nauyi.

Wankin da ke biye shi ne mai cin rai. Kowane zagaye a ɗebi ruwan wankin a ɗiga masa silba naitiret. Muddin ya yi fari kamar an ɗiga nono, akwai sauran kulorayid, a sake wankewa. Kulorayid kaɗan ya isa ya ƙara kauri ya ɓata sakamako.

Daga nan sai busarwa: injin zuƙe iska, digiri 70, ana juyawa, awa 24 ko fiye. Ido ba ya shaidar bushewa. Na'urar Karl Fischer, wadda tushenta ya faro a 1935, ita ke faɗin yawan ruwan, kuma don aikin batir ana son ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin miliyan. A ɗebi samfurin da busasshen sirinji ta cikin murfin roba, a auna nauyin sirinjin kafin da bayan zubawa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga batun ajiya da abin da ɗaukewar wuta ke yi wa kayan da ke kan injin busarwa.