Tambayar Da Ta Rushe Babi Na Uku Na Kundina

Makon jiya na miƙa kwafin ƙarshe na kundin digirina na biyu, wata takwas bayan abokan karatuna sun miƙa nasu. Tun da ƙannen da ke bayanmu a sashe suna yawan tambayata abin da ya tsayar da ni, na ga ya fi sauƙi in rubuta shi sau ɗaya in huta da maimaitawa. Batun kundin shi ne yadda neman dukiya ke gurɓata ma'anar cin nasara a fitattun ƙagaggun labaran Turai da Amurka, kuma abin da ya kayar da ni ranar kare kundi shi ne babi na uku, wanda a lokacin nake ganin babu kamarsa a duk aikin.

Hujjar da na gina babin a kanta mai sauƙi ce: tauraro yakan fara da kyakkyawan buri, sai kwaɗayin kuɗi ya shige shi, sai marubuci ya hukunta shi da mummunan ƙarshe. Na ɗauko wannan awo ne daga gajeren labarin Tolstoy, marubucin Rasha, na 1886, inda aka yarje wa manomi Pahom ya mallaki duk ƙasar da ya iya zagayewa da ƙafa daga fitowar rana zuwa faɗuwarta a kan rubul 1,000, ya yi ta faɗaɗa zagayen har ya dawo da gudu ya faɗi matacce, aka haƙa masa kabarin da bai wuce tsawonsa ba. Awon ya dace da wannan labari ɗari bisa ɗari, sai na ɗauka zai dace da kowane littafi, na tura Dickens da Balzac da Fitzgerald cikinsa da ƙarfin tsiya.

Mai jarrabawa ta waje dattijuwa ce mai magana a hankali. Ta bar ni na gama bayanin The Great Gatsby na Fitzgerald, labarin Gatsby da ke son Daisy matar Tom, na nuna yadda kuɗin fasa-ƙwaurin giya a zamanin da aka haramta ta a Amurka suka kai Gatsby ga mutuwa a cikin tafkin wankan gidansa, sannan ta cire tabarau ta ce, "Malam, Tom da Daisy sun fi Gatsby kuɗi nesa ba kusa ba, kuma Daisy ce ke tuƙa motar da ta kashe Myrtle, farkar Tom. Wane hukunci marubucin ya yi musu?" Na ce, "Ranki ya daɗe, sun rasa kwanciyar hankali." Ta ce in nuna mata shafin. Na yi ta juya takardu, gumi na bin bayana, alhali na san babu shi, domin abin da littafin ya nuna shi ne sun tattara kayansu sun bar gari ba tare da sun bar ko adireshi ba. Ba ta ƙara wata tambaya a kan babin ba.

Abin da ya fi tambayar ciwo shi ne abin da ya biyo baya. Malamin da ke duba aikina, wanda babin ya yi wata huɗu a ofishinsa ya dawo mini da gyaran waƙafi biyu da sa hannu, ya gyara zama ya shaida wa kwamiti cewa ya sha gargaɗina a kan wannan rauni amma ban ji ba. Ban musa ba, don kowa ya san abin da musu da mai duba aiki a gaban baƙo ke jawowa. Takardar da ya sa wa hannu tana nan a wurina har yau.

Sai da na sake karanta littattafan ba tare da ina neman abin da zai gaskata ni ba, sannan na ga inda na ɓata. A kusa da ƙarshen littafin Fitzgerald, wanda ya fito a 1925, mahaifin Gatsby ya zo jana'iza riƙe da wani tsohon littafi na ɗansa, a bayansa akwai jadawalin da yaron ya rubuta wa kansa a 1906, lokacin sunansa James Gatz: tashi ƙarfe shida na safe, motsa jiki, karatun lantarki, koyon magana a gaban jama'a, kyautata wa iyaye, da ajiye dala 5 a mako, wadda ya soke ya mayar da ita 3. A da na karanta wannan shafi a matsayin shaidar tsarkin yaron kafin kuɗi su ɓata shi. Amma lissafin dala yana cikin jerin tun farko, kafaɗa da kafaɗa da kyautata wa iyaye, irin jadawalin gyaran hali da Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Amurka, ya yi suna da shi. Ke nan babu wata rana da kwaɗayi ya shigo daga waje. An koya wa yaron tun yana ƙarami cewa zama mutumin kirki da zama mai kuɗi hanya ɗaya ce, ta yadda da ya rasa Daisy, wadda ya haɗu da ita a 1917 yana ƙaramin hafsan soja marar ko sisi, bai san wata hanyar dawo da ita ba sai sayen katafaren gida da ke fuskantar nata ta ƙetaren ruwa, da zube mata tulin riguna masu tsada a gabanta har ta fashe da kuka. Ba kuɗin yake so ba, amma ba shi da wani harshe na faɗar abin da yake so in ba su ba.

Da na fahimci wannan, Great Expectations na Dickens, wanda aka buga kashi-kashi daga 1860 zuwa 1861, ya canja mini fuska. Pip, tauraron littafin, bai yi sata ko ya cuci kowa don ya samu dukiya ba, kuɗin ma ba shi ya nema ba. Ɓarnar da aka yi masa ita ce ya koma jin kunyar Joe maƙeri, mijin yayarsa da ya rene shi, kamar ranar da Joe ya ziyarce shi a Landan yana fama da inda zai ajiye hularsa. Kuma wanda ya biya kuɗin mayar da Pip ɗan manya shi ne Magwitch, fursunan da aka kora zuwa Ostareliya, wanda shi ma ya yarda cewa mutunci abin saye ne, tun da ya ga kotu ta sassauta wa abokin laifinsa saboda shigarsa da iya maganarsa.

Balzac kuwa, a Le Père Goriot na 1835, bai ma damu da hukunta kowa ba. Tsohon da ya ƙarar da dukiyarsa a kan 'ya'yansa mata biyu ya yi jinyar ajali babu ɗayarsu a kansa, sai da ya fita hayyacinsa ɗaya ta iso, kuma Rastignac, ɗalibin shari'ar da ya ga komai da idonsa, ya bar maƙabarta ya wuce cin abincin dare gidan ɗaya daga cikinsu. A tsohon babin na tsallake wannan ƙarshe gaba ɗaya saboda ya ƙi shiga awona, kuma na yi sa'a dattijuwar ba ta kai nan ba. Sabon babin ya tsaya ne a kan cewa waɗannan marubuta sun fi tuhumar ma'aunin da al'umma ke auna nasara da shi fiye da yadda suke tuhumar mai kwaɗayi, shi ya sa waɗanda suka gaji dukiya ke fita lafiya, mai hawowa daga ƙasa ne ke biyan kuɗin sabulu.

Sauran darussan ƙanana ne. A duba shekaru kafin a yi iƙirari: na rubuta cewa Fitzgerald yana mayar da martani ga kalmar "mafarkin Amurka", alhali James Truslow Adams ne ya yaɗa ta a 1931, shekara shida bayan littafin. Kada a dogara da taƙaitawar intanet, domin ita ma irin tsohon awona take bi. A riƙa ajiye kwafin duk babin da mai duba aiki ya mayar, da kwanan wata a jiki.

Kwamiti ya karɓi sabon babin ba tare da gyara ba, kuma dattijuwar ta rubuta a gefe cewa ya cancanci a buga shi a mujalla. Kwana uku bayan haka malamina ya kira ni ofis, ya yaba aikin sosai, ya ce in tsara shi a matsayin maƙala in sa sunansa a farko kamar yadda aka saba. Na ce, "To, ranka ya daɗe, zan duba." Har yanzu ina dubawa.