Ranar da sikanin ya nuna abu a hantar Yaya

Sati uku cur Yayanmu yana fama da zazzaɓi, da yamma jiki ya ɗau zafi rau, cikin dare kuma ya jiƙe sharkaf da gumi har sai an canja zanin gado. An yi allurar maleriya, an sha maganin taifot kala biyu daga kemis, shiru kake ji. Abinci ya fita ransa, wando ya fara zame masa, ga wani ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama da yake cewa har kafaɗa yake jinsa. Da aka yi sikanin sai ga wani ƙullutu mai ruwa a hanta. Wallahi ranar ba wanda ya runtsa a gidan, Hajiya kam ciwon daji kawai take ambata tana share hawaye da bakin mayafi.

Likitan da muka gani washegari, Allah ya saka masa, cewa ya yi "Hajiya ki kwantar da hankalinki, jakar ruwa a hanta kala-kala ce." Akwai wadda ake haihuwar mutum da ita, zallar ruwa ce, mutane da yawa suna ɗauke da ita har tsufa ba su sani ba, kuma ita wannan ba ta sa zazzaɓi ko rama. Akwai ta gado, jakunkuna birjik a hanta, galibi har da ƙoda, tana zuwa da hawan jini da cikar ciki. To amma in ga zazzaɓi ga gumin dare ga rama, hankalin likita kan ƙurji yake tafiya, ko na bakteriya (masu ciwon suga sun fi haɗuwa da shi) ko na amiba. Ciwon daji ma yana iya kama da haka, shi ya sa sai da aka haɗa da gwajin jini har na ciwon hanta nau'in B.

Na Yaya amiba ce. Ƙwayar nan da ke sa atini, ta gurɓataccen ruwa ko abinci take shiga, daga hanji ta bi jini ta je hanta ta yi gida, kuma maza ta fi kamawa nesa ba kusa ba. Abin mamaki shi bai ma tuna ya yi wani gudawa ba. Aka sa shi kan Flagyl, aka zuƙe ruwan da allura ana kallo ta sikanin, na ga sirinjin da idona, wani abu mai kauri kalar cakulan, har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Kwana uku zazzaɓin ya sauka, ya nemi tuwo da miyar kuka.

Amma kafin a soka allurar sai da likitan ya tambaya ko muna da karnuka ko muna kiwo, ni har na so in yi dariya. Ashe akwai wata tsutsar cikin kare da ƙwanta ke fita a kashinsa, tumaki da awaki da raƙuma su ci a ciyawa, mutum ma ya ɗauka ta hannu ko ganyen da ba a wanke ba, ta yi jaka a hanta shekara da shekaru tana girma. Ta yi yawa a Sudan da yankin Turkana na Kenya. In jakar ta fashe jiki ya ɗau ƙaiƙayi da borin jini, numfashi ya sarƙe, ana iya rasa rai nan take, don haka ba a tsira mata allura haka kawai, sai an fara da maganin tsutsa albendazole an shirya.

Sai na tuno fararen ƙurajen ruwan nan da muke gani a hantar rago ranar layya, mu yanke mu jefa wa karen maƙota. Ashe mu muke ba shi tsutsar da hannunmu. Layyar bana da na ga irinsu a huhun ragonmu, rami na haƙa mai zurfi bayan gida, yara suna ta yi min dariya wai Kawu yana yi wa nama jana'iza.