Abin da Ya Rage Mini Rarar Haraji a Amurka

A farkon shekarar 2024 na cike takardun harajin 2023, na kuma ƙudurta cewa rarar harajin da aka cire daga albashina fiye da abin da ake bi na, wadda hukumar haraji ta IRS za ta mayar mini, ita zan aika gida a yi cefanen azumi. Da lissafi ya fito sai na tarar kuɗin bai kai rabin na bara ba, alhali albashina bai canja ba, don haka muka zauna da mai shirya mini takardun muka bi su layi-layi.

Dalili na farko shekarun babbar 'yata ne. A lokacin ana yi wa iyaye rangwamen dala 2,000 a kan kowane yaro, da sharaɗin bai cika shekara 17 ba kafin shekara ta ƙare. Ita kuwa ta cika a watan Nuwamba, sai rangwamen ya koma dala 500, ko da yake tana gabana tana karatu, kuma ɗawainiyarta ƙaruwa ma ta yi. Har yanzu ina ganin wannan ƙa'ida ta yi wa iyaye tsauri.

Na biyun ya fi nauyi. Ina ɗan kai wa mutane saƙo da motata a ƙarshen mako, kuma kamfanin ba ya cire haraji daga abin da yake biya na, domin a idon doka ni mai sana'ar kansa ne. Ribar wannan aiki akwai harajin shiga a kanta, ga kuma wani na kusan kashi 15.3 cikin ɗari na fansho da lafiyar tsofaffi. Duk daga rarar harajin albashina aka zare su. Abin da ya sassauta mini shi ne littafin da nake rubuta tafiye-tafiyen aiki, saboda kowane mil ana rage santi 65.5 daga ribar a waccan shekarar.

Mai shirya takardun ya ƙara da cewa wanda ake bi tsohon bashin haraji ko kuɗin kula da 'ya'ya, ana iya cirewa tun kafin kuɗin ya iso hannunsa, sai dai ya ga wasiƙar bayani.

Tun daga nan na sabunta takardar W-4 a wurin aiki, wadda da ita ake sanin harajin da za a cire daga albashi, domin a riƙa cire mini ƙari, nake kuma biyan harajin tuƙin kashi-kashi a Afrilu, Yuni, Satumba da Janairu. Kuɗin azumi kuwa daga albashi nake tara shi yanzu, wata-wata.