Goggo da otel ɗin Yuro 28

Garwa, Laraba da dare.

Ƙura ta sauko sosai yau. Daga kan gadar Binuwai ba a hango tsallake, masu babur duk sun naɗe fuska, leɓen kowa ya tsage. Kunun gyaɗa da ƙosai, sai shago. Ciniki kadaran-kadahan.

Bayan la'asar Goggo ta iso da Auta a bayanta, yana riƙe da waya yana murmushi. Tafiyar Goggo zuwa Istanbul ta tabbata, tsakiyar Janairu, kwana shida, sarin abaya da takalma da kayan yara. Auta ya samo mata otel a intanet, Yuro 28 a dare, wajen sefa 18,400 ke nan, kuma so suke in danna in biya kawai tunda katin yana hannuna. Hotunan sun yi kyau, ba ƙarya: zanin gado fari tas, labule ja, ga teku ana hangowa daga saman bene.

Na ce, "Goggo, da me suke ɗumama ɗakin?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke 'yar nan, sanyi za ki koya mini? Ba cikin hunturu muke ba? Bargona biyu, da rigar sanyin marigayi."

A nan muka tsaya kusan awa guda, kuma shi ne abin da ya hana ni barci har yanzu. Sanyin da Goggo ta sani busasshe ne. A nan Garwa da asuba yakan sauka wajen digiri 17, kafin hantsi rana ta kore shi, da azahar ana neman inuwa. Istanbul a Janairu da rana digiri 8 ne ko 9, da dare 3 ko 4, wani lokaci ya gangara ƙasa da sifili. Kuma jiƙaƙƙe ne, don Disamba da Janairu na cikin watannin da aka fi ruwa a garin. Iska tana kaɗowa daga Bahar Aswad ta shiga ƙashi. Rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi, kafin shida ta faɗi. Bargo yana riƙe ɗumin jiki ne kawai, ba zai busar da safar da ta jiƙe ba, ba zai ɗumama tayil ɗin banɗaki ba lokacin alwalar asuba.

Na buɗe mata bayanin otel ɗin. An rubuta akwai kilim, na'urar sanyaya ɗaki, shi ke nan. Auta ya ce ai kilim ɗin zamani yana hura zafi. Gaskiyarsa, idan aka mayar da shi kan alamar rana aka sa 23 ko 24 yana hurawa. Amma iskar ɗumi sama take tashi, kai ya yi zafi ƙafa tana ƙanƙara, maƙogwaro ya bushe, mai tari ya kwana yana tari. Sannan idan waje ya kusa sifili, injin da ke rataye a bango ta waje yakan yi ƙanƙara, sai na'urar ta dakata na wasu mintuna tana narkar da ita, ba ta hura komai. Baƙo sai ya ɗauka ta lalace, ya yi ta danne-danne har ya mayar da ita kan sanyi. Abin nema shi ne radiyeta, farin ƙarfen nan mai layi-layi da ke ƙarƙashin taga, wanda ruwan zafi ke zagayawa a cikinsa. Ɗuminsa a hankali yake kama bango da ƙasa, ba ƙara, ba iska, ga shi wurin shanya safa da ɗankwali. Shi ma sai an tambaya, saboda wasu ƙananan otel suna kashe tukunyar da ke dafa ruwan da tsakar dare ko da rana don tsimin gas, kuma daga ƙasa ake sarrafa ta, mai ɗaki ba shi da ta cewa. Don haka tambayoyin uku ne, a rubuce, a WhatsApp, kafin a biya ko sisi: radiyeta ce ko kilim, tana aiki awa 24, ruwan zafi fa awa 24 ne ko na tanki ne da ke ƙarewa idan mutum goma sun riga ka wanka.

Goggo ta ce, "To tambaye su mana." Na tura. Har ta tafi ba su amsa ba.

Sai maganar ɗakin kansa. Farashi mafi arha a kowane otel na ɗaki mafi muni ne, wannan ko a Marwa haka yake. A tsofaffin gine-ginen unguwar da otel ɗin yake, ɗakin arha ko dai na ƙarƙashin ƙasa ne marar taga mai warin danshi, ko na can ƙarshen sama ƙarƙashin rufi inda sanyi ke sauka kai tsaye. Na kusurwa ma bango biyu ne ke fuskantar waje. Hawa na biyu ko na uku, a tsakiya, shi ne daidai, maƙwabta na sama da na ƙasa suna taya ka ɗumi. Tagar ta zama mai gilashi biyu. Na duba girman na Yuro 28 ɗin, murabba'in mita 11. Gado ya cinye rabi. Ina za ta jibge ledojin kaya kafin masu kago, masu jigilar kaya zuwa gida, su zo ɗauka? Ina za ta shimfiɗa sallaya? Mai sari yana buƙatar 16 ko fiye, ko kuma otel mai ɗakin ajiya a ƙasa da ke yarda a tara kaya a rubuta suna a jiki. Lifta kuwa, a duba hoto da kyau. Akwai wadda mutum uku ke cika ta, akwai wadda sai an hau matakala goma kafin a iske ƙofarta. Da gwiwar Goggo, matakala goma sau huɗu a rana ba wasa ba ne.

Auta ya fara ɓata rai a nan. Ya ce taswira ta nuna mita 600 ne kacal zuwa kasuwa, minti takwas.

Taswira ba ta nuna tudu. Babban titin Ordu, inda jirgin cikin gari na layin T1 ke bi ta Aksaray da Laleli da Beyazit, a kan tudu yake. Duk lungunan da ke kudu da shi gangara suke yi zuwa Kumkapi da bakin tekun Marmara. Otel ɗin Auta yana can ƙasa, shi ya sa ake hango teku, shi ya sa kuma yake da arha. Da safe hawa ne, a kan duwatsun daɓe masu santsi idan an yi ruwa. Da yamma gangara ce cikin duhu, hannu biyu ɗauke da kaya. A lokacin zafi saurayi ba zai ma lura ba. A Janairu, mace mai shekarun Goggo, abin da ya dace shi ne otel da bai wuce minti uku ko huɗu daga tashar Laleli ko Aksaray ba, a shimfiɗe. Daga nan layin T1 ɗin zai kai ta Kapalicarshi, babbar kasuwar nan mai rufi, tasha ɗaya ce daga Laleli, sai dai ta tuna ba a buɗe ta ran Lahadi. Shi ne kuma ke zuwa Zeytinburnu da Merter wajen masu sarin tufafi. Masallacin Laleli, ginin zamanin Sarki Mustafa na Uku, yana nan bakin tashar. Motocin Havaist daga filin jirgi a Aksaray suke sauke mutane, kuma filin jirgin ya haura kilomita 40 daga tsohon gari, ba tafiyar da za a ƙara wa jan akwati a gangare ba ce.

Na nuna musu wani, Yuro 45 da karin kumallo, radiyeta a fili cikin hoto, murabba'in mita 18, lungu na biyu daga titin jirgin. Bambancin Yuro 17 ne a dare, kwana shida 102, kusan sefa 67,000. Goggo ta kama haɓa. "Kuɗin abaya nawa ke nan?" Kawu da ke zaune bakin ƙofa tun ɗazu bai ce uffan ba, sai yanzu: "Araha ba ta ado, Yaya." Ta harare shi.

Na koya wa Auta karanta sharhin baƙi, ko zai huce. Kada ya dubi jimillar maki, yawancinsa na 'yan yawon lokacin zafi ne da ba su taɓa kunna ɗumi ba. Ya jera daga sabo zuwa tsoho, ya karanta na Disamba zuwa Fabrairu kawai, ya nemi inda aka ambaci sanyi ko ruwan wanka ko lifta. Mutum ɗaya ya yi ƙorafi, ƙila halinsa ne. Uku sun faɗi abu ɗaya, a bar wurin.

Sauran ƙananan abubuwa, na rubuta mata a takarda don na san ba za ta riƙe ba. A ɗauki farashin da ake iya sokewa kyauta, ko ya ɗan fi tsada, saboda biza ba ta fito ba tukuna, kuma dusar ƙanƙara kan tsayar da jirage, a Janairun 2022 sai da aka rufe filin jirgin Istanbul gaba ɗaya. Ɗaki ƙarfe biyu na rana ake bayarwa, a fita sha biyu, to idan jirginta da safe zai sauka, ko a biya daren da ya gabata ko a samu alkawarin shiga da wuri a rubuce, in ba haka ba ta zauna a kujerar ƙasa da rigar tafiya har azahar. Akwai harajin kwana da aka fara karɓa a farkon 2023, kashi 2 cikin ɗari a lokacin, a duba ko yana cikin farashin. In za ta ƙara kwana, kada ta dogara da Booking, shafin kama otel a intanet, tun 2017 kotu ta hana kama ɗakin otel ɗin Turkiyya da shi daga cikin ƙasar, sai ta yi magana da masu otel kai tsaye ko ta kira ni in yi daga nan. Agogonsu yana gabanmu da awa biyu. Cajar wayarta za ta shiga soket ɗinsu ba sai da wani kai ba. Buta ta tafi da ita, ruwan tsarkin da ke jikin masai nasu sanyi ƙalau yake fitowa.

Muna cikin dariyar butar ne ta ce, ai ko ɗakin ya yi sanyi ba damuwa, za ta tafi da kaskonta da ɗan gawayi, ta yi turaren wuta ta sha ɗumi gaba ɗaya.

Dariyar ta tsaya mini. Ɗakunanmu na nan iska tana shiga ta ko'ina, ta ƙarƙashin ƙofa, ta saman taga. Ɗakin da aka gina don sanyi a toshe yake ruf. Gawayi yana ci a irin wannan ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum ya ji kansa na ciwo, ya ji barci, ya kwanta, shi ke nan. Ko Allah ya tsare wannan, hayaƙin zai tayar da ƙararrawar gobara a tara mata jama'a. Na ce, "Goggo, don girman Allah ku bar kaskon nan a gida. In turare ne, akwai na lantarki, ni zan saya muku." Na ƙara mata da cewa kada ta sayi ƙaramar hita ta jona a tsohon gini, kuma ranar da ta isa ta fita ta ga inda matakalar gudun gobara take da idonta, ta ƙirga ƙofofi daga ɗakinta zuwa can. A Janairun 2025 gobarar otel a Kartalkaya, lardin Bolu, ta ci mutum 78, cikin dare, a tsakiyar sanyi.

Ta yi shiru, ta gyara mayafi. Ta ce tun tana budurwa take turare ɗaki ba abin da ya same ta, kuma marigayi bai taɓa kwana a ɗakin da ba turare ba. Ban san me zan ce ba. Ita kaɗai za ta je. Tafiyar farko ke nan da ba wanda zai riƙe mata jaka a filin jirgi, kuma ni ina nan ina yi mata lissafin murabba'in mita. Ta tashi ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba. Auta ko sallama bai yi mini ba.

Tuwon dare ya huce kafin in ci. Inna ta tambaya me ya faru, na ce ba komai.

Ƙarfe goma da kwata masu otel ɗin Yuro 28 suka amsa: kilim ne, ɗakin a ƙarƙashin ƙasa yake, ba lifta. Na tura wa Auta hoton amsar ba tare da na ƙara ko kalma ba. Ya gani, bai ce komai ba. Na kama na Yuro 45 ɗin da sharaɗin sokewa kyauta, na roƙi hawa na biyu. Gobe bayan azahar zan bi ta babbar kasuwa in nemo kaskon lantarki, sannan in wuce Yelwa in duba mata akwatin tafiya da kaina.