Kafin ka sauke tekscha, duba ma'adanar katinka

Ƙannena masu buga gem a kwamfuta, ba duk setin hoto ne ke cin ƙarfin katin girafik, wato abin da ke zana hoton gem a cikin kwamfuta, iri ɗaya ba, kuma na daɗe ban san haka ba. Da na samu kwamfuta ta hannu mai katin GTX 1050 Ti, GTA V na fara sakawa. Ganin motar tana ja tana tsayawa a tsakiyar gari, sai na shiga setin na sauke komai ƙasa, har da tekscha, wato fatar da ake lulluɓe bango da titi da rigar mutum da ita. Rubutun allunan shaguna ya dushe har ba ya karantuwa, kwalta ta zama laka-laka, gudun kuwa ko gezau. Kyan gem ɗin kawai na zubar.

Dalili shi ne tekscha ba lissafi take ci ba, wuri take ci. Hotuna ne da ake lodawa cikin ma'adanar katin, wadda ake kira VRAM, kuma nawa katin yana da gigabait 4. Muddin hotunan sun shige ciki, ko ka ɗaga ko ka sauke, bambancin gudu kaɗan ne. Matsala tana farawa ne idan sun fi ƙarfin wurin. A nan sai katin ya riƙa aikawa cikin RAM na kwamfuta yana ɗaukowa, hanyar kuma ta fi jinkiri nesa ba kusa ba. Kamar tela ne da yadi ya fi teburinsa: hannunsa bai rage sauri ba, amma kowane lokaci sai ya miƙe ya shiga ɗaki. Alamar ita ce gem yana tafiya sumul, sai ka juya kyamara ko ka shiga sabuwar unguwa ya ƙame na ɗan lokaci, ko ka ga gini ya fito babu fata sai daga baya.

Wannan na jawo wa wani ƙanina a laftof ɗinsa mai gigabait 2. GTA V yana nuna maka layi a cikin setin, yana gaya maka megabait nawa za ka ci cikin nawa kake da su, kuma yana hana ka wucewa. Ni da na ɗauka na zama gwani, na kunna wurin da ke cire wannan shinge, na kai tekscha ƙarshe. Yaron bai ce komai ba, kunya, amma duk kwanar da ya sha sai hoto ya tsaya.

Masu cin ƙarfi na gaskiya daban suke. A wannan gem ɗin, MSAA mai goge kaifin gefuna shi ne uban gayya, sai ciyawa (kai ta ƙarshe ka fita bayan gari ka gani), sai inuwa da ƙyallin madubi da ruwa. Su za ka fara taɓawa. Bayan su akwai girman hoton kansa: 1080p ya haura ɗigo miliyan 2 a kowane firam, wato kowane hoto guda cikin waɗanda katin ke zanawa a daƙiƙa, 720p kuwa 921,600 ne, bai kai rabi ba. A sababbin gem, setin FSR na kamfanin AMD da ya fito a 2021 yana zana ƙaramin hoto ya faɗaɗa shi, kuma yana aiki har a tsofaffin katunan GTX. DLSS, mai irin wannan aikin, sai mai katin RTX.

Ka daina auna gudu da ido. Saka manhajar MSI Afterburner ta riƙa nuna maka firam da zafi da VRAM a kusurwa. Zaɓi titi ɗaya mai cunkoso, canza abu ɗaya tak, ka bi titin, ka duba. Ni da nakan canza biyar a tare, in ya gyaru ban san wanne ya gyara ba. Kuma a wurina firam 30 da aka kulle ba ya motsi ya fi daɗin hannu a kan wanda ke tsalle tsakanin 60 da 25.

Wani lokaci ma laifin ba na setin ba ne. A Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, in ka ɗora laftof a katifa, kurar hunturu kuma ta toshe fanka, katin da kansa zai rage gudu don kada ya ƙone. Haka in an ɗauke wuta ta koma kan batir. In gem ya fara lafiya sai can ya yi nauyi, duba zafi tukuna.

Idan za ka saya, kada ka tsaya a bakin mai shago da ya ce "girafik ɗinta takwas ne". Buɗe Task Manager na Windows, shiga wurin GPU, wato katin girafik: akwai ma'adanar da katin ya mallaka, akwai wadda yake aro daga RAM, ta farkon kaɗai za ka ƙirga. GTX 1060 ma akwai mai gigabait 3 da mai 6, suna ɗaya, don haka ka sa a kunna maka ka gani da idonka kafin ka miƙa kuɗi.