Yadda gcc-12 ya cinye min daren Laraba

Wallahi ban yi niyyar taɓa komai a laftof ɗin nan ba ranar, aiki ne a gabana a Blender, manhajar zanen 3D, zanen wani gida mai ɗaki uku da na yi alƙawarin miƙawa da safe, kawai sai ga saƙon ofdet ya leƙo a saman sikirin, ni kuma da ɗan ragowar data na dare sai na ce bari na danna ya yi abinsa kafin na dawo daga sallar isha'i. Watan Janairun 2024 ne, Ubuntu 22.04 nake amfani da shi, wani nau'in Linux ne, katin hoton kuma GTX 1650 ne na NVIDIA, laftof ɗin na hannu na saya amma bai taɓa ba ni kunya ba.

Na dawo na kashe na kunna, sai na ga komai ya kumbura, rubutu manya-manya kamar na allon firamare, monita ta biyu da nake jonawa ta HDMI ta yi baƙi ƙirin. Na buɗe Blender, wajen da ake zaɓar CUDA, wato hanyar ɗora wa katin NVIDIA nauyin aikin, babu kati babu dalilinsa. Na buga nvidia-smi a tamina sai ya ce min ya kasa magana da direba, wato manhajar da ke sarrafa katin, wai na tabbatar na saka sabo kuma yana aiki. Toh ai jiya ma yana aiki malam.

Laifin dai nawa ne tun asali, gara na faɗa. Lokacin da na saka direban ban bi ta apt ba, wato hanyar da Ubuntu ke saka manhajoji daga rumbunsa, fayil ɗin .run na sauke na saka da hannu saboda na ga wani ya ce ya fi, kuma tun ranar ban sake waiwayar shi ba. Ofdet ɗin ma ban karanta abin da ke ciki ba na danna. Da na buga uname -r sai ga 6.5.0-14-generic, alhali da rana a kan 6.2 nake. Ashe sabon kanel, wato zuciyar Linux ɗin, aka kawo min. Ubuntu 22.04 da kanel 5.15 ya fito a Afrilun 2022, amma masu na tebur yawanci suna kan layin da ake kira HWE, wanda ke ɗaga kanel lokaci-lokaci saboda sababbin na'urori, daga 5.19 zuwa 6.2 zuwa 6.5 a lokacin.

Ga wanda bai saba da Linux ba, direban katin hoto yana da wani ɓangare da dole sai ya shiga cikin kanel ya zauna, kuma ba a ɗinka shi sau ɗaya a ce an gama, duk kanel da awonsa, in aka canza sai tela ya sake yanka. Telan shi ne DKMS, shi ke sake harhaɗa wannan ɓangare duk sanda sabon kanel ya sauka, keken ɗinkinsa kuma kwamfaila, wato gcc, manhajar da ke mai da rubutun shiri ya zama abin da inji ke iya gudanarwa. Na buga dkms status na ga direban yana nan a kan tsohon kanel, a kan 6.5 kuwa shiru.

Abin da na fara yi shi ne abin da kowa ke yi in ya rikice, sake sakawa. Na danna Ctrl+Alt+F3 na shiga baƙin allo, na tsayar da tebur ɗin da sudo systemctl isolate multi-user.target, na kunna fayil ɗin .run. Ya yi nisa kaɗan sai ya tsaya da gargaɗi, wai an gina kanel da gcc 12.3.0 amma cc ɗin da ke injina, wato gcc ɗin da installa ke kira, 11.4.0 ne, ya tambaye ni na ci gaba ko na fasa. Na ce haba, 11 da 12 ai ɗan juma ne da ɗan jummai, na zaɓi a ƙyale binciken a wuce. Ya faɗi. Na sake da --no-cc-version-check, nan ma ya faɗi, wuri ɗaya, kamar ya yi rantsuwa.

A nan ne ƙanina ya shigo neman caja ya same ni na yi tagumi. Ya ce "Yaya ba ka kwanta ba? ko dai kwamfutar ce ta sake yin halinta, ni fa na gaya maka ka koma Windows ka huta." Na ce kai dalla ɗauki cajarka ka ba ni wuri. Bai tafi ba, ya ja kujera ya zauna yana kallo yana cin gyaɗa, sai ya ce "to wai ba ya rubuta abin da ya hana shi ne?" Yaron da ko ls bai sani ba fa. Kuma gaskiyarsa, injin ma ya faɗa min da kansa na duba /var/log/nvidia-installer.log, ni ne dai nake danna Enter da zafin rai ban karanta ba.

Na buɗe fayil ɗin, dogo ne kamar ba zai ƙare ba, sai na yi grep -i error a kansa, layi ɗaya ne yake ta maimaita kansa:

cc: error: unrecognized command-line option '-ftrivial-auto-var-init=zero'

Sai a lokacin na gane ba wai tsantseni ne kawai installa ɗin yake yi ba. Wannan umarni a gcc 12 aka fara samunsa, wanda ya fito a Mayun 2022, aikinsa shi ne ya cika wuraren ajiya na wucin gadi da sifili kafin a yi amfani da su, don kada ragowar bayanan da suka rage a wajen su zama ƙofar ɓarna. An gina kanel 6.5 ɗin da wannan tsari a kunne, don haka duk abin da za a harhaɗa ya shiga cikinsa sai an miƙa wa kwamfaila wannan umarnin, shi kuma gcc 11 bai taɓa jin sunansa ba. Kashe binciken da na yi bakin mai gargaɗi kawai na toshe, keken dai bai iya wannan ɗinkin ba. Akwai lokutan da bambancin ɗan ƙarami ne, a ce 12.2 da 12.3, a nan ƙyalewa kan wuce lafiya, amma daga 11 zuwa 12 a wannan kanel ɗin babu hanya.

In kana so ka san da wane gcc aka gina naka kanel ba sai ka yi canki-canka ba, cat /proc/version zai nuna maka ɓaro-ɓaro, sai ka gwada da abin da gcc --version ya ce. Da na yi wannan tun farko da ban kai sha biyun dare ba.

Maganin bai da tsawo, sudo apt install gcc-12, yana nan a rumbun 22.04 ba sai an ƙara wani waje ba. Na haɗa da linux-headers-$(uname -r) don na tabbatar, ya ce min suna nan tuni. Sai na buga export CC=/usr/bin/gcc-12 na sake kunna installa da sudo, ina murmushi ina kallon ƙanina. Ya sake faɗuwa. Kuskure ɗaya, cc ɗaya, 11.4.0. Yaron nan ya fashe da dariya har gyaɗa ta sarƙe shi. Na kusa minti ashirin ina zagaye kafin na tuna sudo, mai gudanar da umarni da cikakken iko a injin, ba ya ɗaukar abin da ka yi export a matsayinka na mai amfani, share su yake ya fara da nasa. Dole sai a cusa shi a layin:

sudo CC=/usr/bin/gcc-12 sh ./NVIDIA-Linux-x86_64-535*.run

Wannan karon ko gargaɗi bai yi ba, sandar ta cika har ƙarshe. Da ya tambayi maganar DKMS na ce eh. Na yi ribut, rubutu ya koma daidai, monita ta biyu ta kawo haske, nvidia-smi ya zana teburinsa da sunan katin da zafinsa.

Saura abu ɗaya, gobe in wani 6.5 ɗin ya sauko DKMS zai koma ya kira cc, shi kuma cc yana nuna gcc ne, gcc kuma 11. Wasu suna gyara wannan da update-alternatives su mai da 12 ya zama na gaba a injin gaba ɗaya, yana aiki, amma ni na ɗan ja baya saboda ina da CUDA 11.8 a ajiye don wani aiki kuma nvcc ɗinsa, wato kwamfailan CUDA, ba ya karɓar gcc da ya wuce 11, ga g++ shi ma sai ka tuna ka ɗaga shi, in ba haka ba ka gyara nan ka ɓata can. A ganina wanda ba shi da wani dalili na musamman ya bar .run ɗin nan, ya yi sudo ubuntu-drivers install, domin akwai fakitocin linux-modules-nvidia da ke zuwa a harhaɗe daidai da kowane kanel, da sa hannu ma saboda masu Secure Boot, babu ruwanka da wane gcc ne a injinka. Kuma da aiki ne kawai ya matse ni, da na riƙe Shift ko na danna Esc wajen tashi na shiga Advanced options a GRUB, allon zaɓin da ke fitowa kafin Linux ya tashi, na zaɓi 6.2 da ke nan bai je ko'ina ba, wannan dabarar sai da asuba ta faɗo min, ina alwala.

Wajen ƙarfe ɗaya saura na saki rendan zanen gidan, fanka ta fara kuka yadda na saba ji. Ƙanina ya miƙe ya karkaɗe ɓawon gyaɗa a kan kafet ɗina ya ce "Yaya tunda ni na gyara sai ka kunna min hotsifot." Na kunna masa. Fayil ɗin .run kuwa har yau ban cire ba, na dai rubuta layin CC ɗin a takarda na manna a jikin monita.